Namijin Dabinon Gwaggo

Ni ne mai laifi. Ba zan ɗora wa Shaiɗan ba, ba kuma zan ce ƙuruciya ce ba, don a lokacin ina da mata har da ɗiya, gemuna ya cika fuska. Na zalunci matar da ta rene ni, da rana tsaka, a gaban mutane, da bakina da hannuna. Kuma ina yi ina jin daɗi. Wannan jin daɗin ne ya fi komai cin raina yanzu, shi ya sa na zauna rubuta wannan, duk da karatuna na lakwal, wato boko, bai wuce aji shida ba.

Gwaggo yayar babana ce. Uwata ta rasu ina rarrafe, ita ta ɗauke ni ta goya. Ta haifi uku, babu wanda ya kai yaye, mijinta kuma ya rasu tun ban yi wayo ba, sai ta dawo gidanmu na Gure aka ba ta ɗakin ƙurya kusa da turken awaki. Tana salla, tana azumi. Surorin da ta haddace ba su cika yatsun hannu ɗaya ba, su ma harshenta na karkata su, don yaren Mangawa ta fara ji a bakin uwarta kafin Hausa, balle Larabci. Abu ɗaya take tsoro a duniya, kuma ba ta ɓoye shi: kada ta mutu a rasa masu yi mata salla, tunda ba ta da ɗan cikinta da zai tsaya a sahun gaba ya jawo mutane.

Dukiyarta ƴan dabinai ne da ta gada wurin uwarta, a wani kwari ta hanyar Bune. In an fita a amalanke da sassafe, kafin rana ta yi zafi an isa. Ka hau tudun rairayi ka leƙa, sai ka ga kore can ƙasa kamar an zuba a ƙwarya: goruba a gefe, dabino a ciki, ga rake ga rogo, farin kanwa a tsakiya. Da itatuwan nan take ci. Da su ta yi mini kayan lakwal, da su ta sa hannu aka yi mini aure.

A cikinsu akwai namiji guda ɗaya, dogo, ya tsufa har ya ɗan ranƙwafa. Wanda bai san dabino ba sai ya ce itacen banza ne, don ba ya ƴaƴa. Amma in babu shi matan ba sa haihuwa. Da sanyi, in fure ya tsage, sai a hau a yanko furen namijin a rarraba, a hau kowace mace a cusa mata cikin nata furen a ɗaure. Mutanen kwari sai su ce an yi wa dabino aure. Wani tsoho ne ke yi wa Gwaggo wannan hawan tun suna da sauran ƙarfi, tafin ƙafarsa duk kanta da tabon ƙaya, in an sauke dabino a ba shi rabonsa.

Kafin tsohon ya hau namijin, Gwaggo takan zo da ƙwaryar madara ta zuba a gindinsa, ta ɗaura masa farin ƙyalle, ta yi ƴan maganganu ƙasa-ƙasa da yaren uwarta. Takan ce sallama take yi wa masu wuri, wato waɗanda suka riga mutane zama a kwarin, ba a ganinsu. Haka ta ga uwarta na yi, haka ta ci gaba. Sau ɗaya ne a shekara.

Da na girma na kama aiki a butik, wato kanti, na wani Alhaji mutumin Damagaram, cikin kasuwa. A lokacin ne na fara zuwa karatu wurin wani malami da aka turo garinmu koyarwa. Bayan la'asar yakan buɗe mana littafin tauhidi. Mutum ne mai sanyin baki, ban taɓa jin ya zagi kowa ba. Ya karantar da mu cewa ba a roƙon kowa sai Allah, ba a kai wa itace ko dutse ko aljani wani abu don neman tsari. Wannan gaskiya ce, har yau ban sauka daga kanta ba. Sai dai kafin mu kai inda ake koyon yadda za a gaya wa mutum gaskiya ba tare da an karya shi ba, aka ɗauke malamin aka mai da shi wani gari. Ya bar ni da karatun wata shida, kamar an miƙa wa mahaukaci wuƙa an tafi da kube.

Na sake tafiya, na sake murya. Na dubi garin nan kaf ina neman mushiriki. Masu kuɗin da ke zuwa wurin boka a cikin mota na san su ɗaya bayan ɗaya, wasu a butik ɗinmu suke sayayya, ban ce musu uffan ba. Tsohuwar ɗakin ƙurya ita ce mai sauƙin kamawa. Babana ya riga ya rasu, babu mai tsawata mini a gidan.

Wata rana da azahar na dawo cin abinci, ta kawo mini tuwo da kanta, don ta san na fi son miyarta a kan ta matata. Na ce, "Ɗauke, Gwaggo. Na daina cin abincinki."

"Yau kuma? Gishiri ne ya yi yawa?"

"Shirka ce ta yi yawa."

Ta yi dariya. "Ban sa ta a miya ba, ɗan nan. Kuka ce da daddawa."

Na zayyano mata abin da na karanta, ina ɗaga murya don matan gidan su ji. Ta zauna a bakin tabarma ta saurara har na gama. Sannan ta ce, "Ni Allah nake roƙo. Su kuwa masu wuri sallama nake yi musu. Kai in za ka shiga gidan mutane ba ka sallama?"

"Madarar fa?"

"To sai in je musu hannu rabbana?"

Da na zauna da ita a hankali na nuna mata inda kuskuren yake, na tabbata da ta ji, don ba mai taurin kai ba ce. Amma ba gyara nake nema ba, kayarwa nake so. Na ce mata duk alherin da ta taɓa yi a duniya ya tashi a banza, sallarta da azuminta wahala ce kawai. Na ce wanda bai san tauhidi ba bai san mai kyau da mummuna ba, don ba shi da inda zai samo su.

Ta dube ni. "To ranar da ka ciko aljihu da dabinon maƙwabcinmu na kwari, na kama kunnenka na kai ka har gabansa ka zazzage, wane littafi na buɗe?"

"Wannan ai sabo ne. Jaki ma ya san hanyar gida, ba a ce masa malam."

Matata ta shige ɗaki. Gwaggo ta ce, "To, Malam. Jaki ya gode." Ta miƙa hannu za ta ɗauki kwanon, na riga ta, na je turke na juye wa awaki. Na ce su ba a yi musu hisabi. Tun daga ranar ba ta ƙara ce mini ɗan nan ba sai sau ɗaya. Malam take cewa.

Sanyi ya shigo, fure ya kusa tsagewa. Na samu abokan karatuna biyu, muka ɗauki gatura muka hau moto, wato babur, muka nufi kwari. Na san ranar da za ta je, don na ji ta aika a tatso mata madara wurin Fulani, kuma da gangan na zaɓi ranar. Kada wani ya ce ban san amfanin namijin ba. Na sani. A inuwarsa na girma.

Tsohon muka tarar a gindin itacen yana murza igiyar hawa. Ya ce, "Lafiya, samari, da gatura?"

Na ce, "Gunki muka zo kayarwa, Baba."

Ya waiga dama da hagu. "Ina gunkin?"

Na nuna masa.

"Wannan? Wannan ai ango ne, jibi ake ɗaurin aurensa. In ƙyallen ne ya tsone muku ido, bari in kwance muku." Ya miƙe ya kwance ƙyallen bara, wanda rana ta riga ta cinye, ya miƙo mini. "Ku tafi da shi ku ƙona. Shi itacen me ya yi muku?"

Na ture shi gefe na kai sara.

Saran dabino ba kamar na sauran itace ba ne. Jikinsa zare-zare ne, gatari ya nutse ya maƙale, sai ka jijjiga ka zare. Muna yi muna karɓa-karɓa, muna kabbara. Mun kai wajen rabi sai ga Gwaggo ta gangaro daga tudu a kan jaki, ƙwarya a cinyarta an rufe da faifai. Ba ta yi kururuwa ba. Ta sauko ta zo har inda muke, tana kallon farin ramin da muka yi wa itacen.

Ta ce, "Ɗan nan, tsaya. Bar shi ya ba da furen bana kawai. Wallahi ba zan zuba komai ba, ba zan ƙara ba. Ga madarar ma, ku sha, kun yi gumi."

Wannan ita ce tubar da na ce ina nema, ta kawo mini ita har hannu. Ɗaya daga cikin abokaina ya sauke gatari. Da na ga haka sai na ji tsoron kada abin ya ƙare ba a ga bajintata ba. Na sa ƙotar gatari na doke ƙwaryar. Madara ta wanke mata zane da ƙafafu.

Na ce, "Kira su mana. Kira masu wurin su zo su hana."

Ɗaya abokin ya ce, "Ko sun tafi cin kasuwar Bune ne, Gwaggo?" Muka yi dariya.

Sai ta durƙusa. Matar da ta wanke mini kashi ta durƙusa a rairayi ta kama ƙafar wandona. Ta ce, "Da shi nake ci."

Na ce, "Allah ke ciyarwa," na fizge ƙafata.

Da itacen ya faɗi sai da ƙasa ta amsa. Mutanen da ke ban ruwa a lambuna suka tsaya suna kallo daga nesa, babu wanda ya matso. Tsohon ya ruga wajen kan itacen ya sa wuƙa ya tsaga kuben fure ɗaya, ko zai tsira da wani abu. Furen bai nuna ba, amma ya ce in aka shanya watakila ya yi. Na karɓe daga hannunsa, na sa muka yanke sauran duka muka jefa cikin ruwan kanwa. Gwaggo ta ɗauki ƙwaryarta ta kakkaɓe rairayin, ta hau jakinta ta koma.

Da a nan na tsaya ma da sauƙi. Ranar Juma'a bayan an sallame, a ƙofar masallaci inda ake cunkoson neman takalma, na tsaya na ba da labari. Liman ya riga ya wuce. Na ce mun kayar da gunki a kwari. Na faɗi ko na wa ne. Na ce matar nan ba Musulma ba ce har sai ta tuba a gaban jama'a, kada a ci abincinta, kuma ranar da ta mutu ni ba zan sallace ta ba, duk mai tsoron Allah ma kada ya sallace ta. Na san inda tsoronta yake, nan na nufa. Wasu suka yi kabbara. Wani ya riƙe hannuna ya ce wanda bai bar gwaggonsa ba lalle don Allah yake yi. Na koma gida kamar ƙafata ba ta taɓa ƙasa.

Mutane ba su yi mata da duka ko jifa ba. A hankali suka yi. Aka daina aiko mata goron suna. Matan da ke zuwa karɓar maganin shawara da na haƙori a wurinta suka ɗauke ƙafa. In ta aika da abinci gidan maƙwabta, kwanon ya dawo yadda ya tafi. Ranar Idi ta shimfiɗa tabarmarta a sahun mata, ta dama ta ja tata, ta hagu ta ja tata, ta yi sallarta da fili a kowane gefe. Matata ce ta gaya mini tana hawaye, na ce mata haka ake so.

A kwari akwai masu namijin dabino da yawa, kuma a al'ada ba a hana fure, ko maƙiyinka ne. A shekarar nan aka hana Gwaggo. Kowa na tsoron a kira sunansa a ƙofar masallaci. Ƴaƴan tsohon ma suka hana shi hawa mata. Dabinanta suka yi ƴaƴa ƙanana, ba ƙwallo, ba zaƙi, suka ƙi nuna, ƙarshe awaki aka zuba wa. Sai zance ya juya: aka ce masu wuri ne suka yi fushi. Abokina da ya yi mata ba'a, gatari ya ɗan taɓa shi a ƙafa ranar, ciwon ya ƙi warkewa har sai da aka kai shi wurin likita a Damagaram. Uwarsa ta lallaɓa ta je ta zuba madara a kututturen. Wasu suka bi. Madarar da kututturen nan ya sha a shekara ɗaya, itacen bai sha irinta ba duk tsawon ransa. Ita kuwa Gwaggo ba ta ƙara zubawa ba, kamar yadda ta rantse. Babu wanda ya lura.

Wata ranar kasuwa, butik cike da mutane, ta shigo da ƙunshi a hammata. Ta rame, ta fara lalube, don idonta ya soma yin hazo. Ta kwance ƙunshin a kan tebur. Farin yadi ne a ninke.

Ta ce, "Malam, na sayi likkafanina, don kada in ɗora wa kowa nauyi. An ce ka ce ba za a yi mini salla ba. Na ce sai na ji daga bakinka."

Na ce, "Haka na faɗa."

"To gaya mini abin da zan ce. Ko me ne ne zan faɗa."

"Ki zo ƙofar masallaci ranar Juma'a ki yi shahada a gaban mutane, ki ce da can ke arniya ce."

Ta shafa yadin. Sannan ta ce, "Shahada kam ina yin ta tun ba a haifi ubanka ba, yanzu ma in yi maka. Amma in ce da can ni arniya ce, na yi ƙarya. Kuma na ce uwata arniya ta mutu. Ba zan iya ba."

"To kin zaɓa."

Ta ƙulle ƙunshinta, ta laluba ƙofa ta fita. Na juya ga matar da ke jiran a auna mata shinkafa. Na auna mata, babban yatsana a cikin tiya, kamar yadda na saba tun farkon zuwana butik. Kowace tiya yatsana na cin nasa. Ina yi ina gaya wa matar cewa gaskiya ɗaci gare ta. Gwaggo kuwa, duk shekarun da ta yi tana sai da dabino, in ta cika mudu sai ta ƙara da hannu. Wannan na san babinsa a littafi, na san abin da aka tanada wa mai tauye awo. Sanin bai fitar da yatsana daga tiya ba.

Aka shekara huɗu a haka. Muna gida ɗaya, ba na gaishe ta. Matata ce ke kai mata abinci a ɓoye, ni kuma ina yi kamar ban gani ba, ina lissafa wannan a cikin alherina. Samari suka fara taruwa a wurina ina maimaita musu karatun wata shidan nan.

Sai tsohon mai hawa ya rasu. Aka fito da gawarsa da hantsi a ƙofar gidan babban ɗansa, aka fara jera sahu. Wani daga cikin masu ɗaukar karatu a wurina ya ɗaga murya ya ce, "A dakata. Wannan ba shi ne mai hawan itacen nan ba? A tambayi Malam ko ya halatta."

Sahu ya tsaya. Kowa ya juyo yana dubana. Gawa na kwance a rana, ƴaƴansa uku sun zuba mini ido. Mutumin da bai taɓa fashin jam'i ba in yana gari, yau ana jiran izinina kafin a roƙa masa gafara. Ban taɓa jin tsoro irin na lokacin ba.

Liman, dattijo ne da ya raɗa mini suna, ya juyo daga gaba ya ce, "Wane malam? Mai awon shinkafa? Ku daidaita sahu." Aka yi salla.

Bayan an dawo daga maƙabarta ya kira ni zaurensa, mu biyu. Ya ce shi ma yana da laifi, don ya ji abin da na faɗa tun shekarun baya ya ɗauka haukan samari ne zai wuce. Sannan ya tambaye ni, "Zuba madarar nan kuskure ne, ni ma na sani. Ta daina ko ba ta daina ba?"

Na ce ta daina.

"Tun yaushe?"

"Tun ranar."

"Ka gaya wa mutane ta daina?"

Na ce a'a.

"Shekara nawa ta yi tana ba ka abinci? A cikinsu ka taɓa zama yini ɗaya ka gyara mata Fatiha?"

Na sunkuyar da kai. Ya ce in tashi in ba shi wuri.

A gida matata ta ƙarasa mini. Ashe Gwaggo na cikin gidan rasuwar tare da mata lokacin da labari ya shiga cewa maza sun tsaya shawara kan sallar gawar. Ta yi ta tambaya, sun yi? sun yi? Da aka ce mata an yi, sai ta ce, "Shi da ƴaƴa maza uku, sai da aka tsaya. Ni fa?" Tun da ta dawo ta kwanta, abincin da aka kai mata yana nan a rufe.

Na taɓa ce wa Gwaggo ba ta da inda za ta samo sanin mai kyau da mummuna. Har yau na yarda daga Allah yake zuwa. Abin da ban gane ba a lokacin shi ne, wanda ya saukar da Littafi shi ya halicci zuciyar Gwaggo, ya sa mata kunya da tausayi da ƙin ƙarya tun ba ta san baƙi ko ɗaya ba. Ta gwammace a binne ta ba salla da ta yi wa uwarta ƙarya. Ni da na karanta, ban kai nan ba.

Juma'ar da ta biyo na tsaya a ƙofar masallaci. Wannan karon murya ta ƙi fita sosai. Na ce abin da na faɗa a kan gwaggona ƙarya ne da jahilci, Musulma ce, ta bar abin nan tun ranar da na sare itacen, ni na ɓoye. Rabin mutane sun riga sun sa takalma sun wuce. Wani a bayana ya ce, "Tsohuwar ta yi masa asiri." Wasu suka yi dariya. Magana zarar bunu ce, wadda na zara shekara huɗu da suka wuce ta riga ta shiga gidaje, wannan ta yau ko bakin titi ba ta kai ba. Na bi gida-gida bayan haka, ina bi har yanzu.

Daga masallaci ban tsaya ko'ina ba sai ɗakin ƙurya. Na yi sallama sau biyu ba ta amsa ba. A ta uku ta ce, "Wane ne?"

"Ni ne, Gwaggo."

"Malam ne? Shigo. Amma ka kula da tabarmar, kada ta karya maka alwala."

Na shiga. Tana kwance ta juya wa ƙofa baya, duk ta zama ƙashi. Ban hau tabarmar ba, na durƙusa a ƙasa wajen ƙafafunta. Na jima ina neman ta inda zan fara. Ta ce, "In wa'azi ne ka yi sauri, ba na jin daɗi."

Na ce, "Ba wa'azi ba ne. Gwaggo, na zalunce ki. Na san amfanin itacen nan na sare shi. Kin ce kin daina, na ji da kunnena, na ɓoye don a ci gaba da yabona. Na san abin da kike tsoro, da shi na yi ta dukanki shekara huɗu. Ba don Allah na yi ba, don kaina na yi. Ke Musulma ce, kin fi ni, yau na faɗa a ƙofar masallaci, kuma zan faɗa a kowace ƙofa a garin nan har su gaji da ni. In kin riga ni, ni zan tsaya a bayan liman, ko da mu biyu ne. In na riga ki, ban cancanci ki roƙa mini komai ba. Ba ni da abin da zan mayar miki. Ki yafe mini, Gwaggo. In ba za ki iya ba, ba ki yi laifi ba."